Gyaɗar Yaro Ɗaya

Na ciyar da wani yaro a ɓoye har sati bakwai. Ya rayu. Sanadin haka na bar gidan da nake zaune a unguwar Demsawo ta Jimeta, uwarsa kuma ta daina kirana Kawu.

Mu mutanen dutse ne, daga bayan Michika. Ranar da yaran daji masu bindiga suka shigo ƙauyenmu ina gona. Matata da 'ya'yana uku suna gida. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kansu. Na hau dutse da fartanya a hannu, na yi kwanaki ina tafiya, na ratsa ta ƙasar Kamaru, daga baya wata motar shanu ta sauke mu a Jimeta. Daga gidanmu ni kaɗai na iso.

Wani ma'aikacin gwamnati, mutumin Numan, yana da gini a Demsawo da bai ƙarasa ba. An yi rufi, amma ba ƙofa, ba taga, ba daɓe. Ya ce mu shiga. Muka shiga mu da yawa, kowane iyali ya rataya zane ko tabarma ya ware nasa gefen. Ni aka ba ni inda za a yi kicin, don wurin ba ya ɗaukar mutum biyu. Na ɗinke buhunan siminti na rataya a bakin ƙofa.

A shekara ta biyu wata ƙungiya ta zo neman masu aikin sa kai, waɗanda za su riƙa zagawa suna koya wa mutane kiwon lafiya. Masu karatu suke so. Masu karatun namu da suka ji ba albashi, kowa ya tuna yana da wani uzuri. Ni ban yi boko ba, ban yi allo ba. Amma ina jin yarenmu, ina jin Hausa, na kuma tsinci ɗan Fulatanci a kasuwar shanu. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da aikin ta dube ni ta ce in zo. Bafulatana ce, 'yar unguwar Makama a cikin Yola. Kowa Adda yake ce mata, har waɗanda suka haife ta. Ni kuma ta sa min Bappa.

Kwana biyar aka yi ana koya mana a wata firamare. A nan na fara shiga aji a rayuwata, da furfura a gemuna, gwiwoyina sun ƙi shiga ƙarƙashin bencin yara. Aka ba ni riga mai shaida, da littafin hotuna babba, da ma'aunin dantse. Rubutun da ke bayan hotunan ban iya karantawa ba. Na haddace abin da Adda ke faɗa a kan kowane shafi.

Akwai shafin wanke hannu, da na tafasa ruwa, da na gidan sauro. Akwai kuma shafin da ban so. Faranti ne an zana, da kifi da ƙwai da nama da ganye da ayaba a gefe. Ranar da na fara buɗe shi a gindin mangwaron da ke gaban gininmu, wata tsohuwa ta matso ta ƙura masa ido.

"Likita," ta ce, "wannan farantin yau za a raba, ko sai gobe?"

Mata suka yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar sunan Likita ya bi ni. Ba don girmamawa ba.

Ma'aunin shi ne ainihin aikin. Wata 'yar siririyar roba ce mai launi uku, ana zagaya ta a dantsen yaron da bai kai shekara biyar ba. In ta tsaya a kore, lafiya. In ruwan ɗorawa, a sa ido. In ja, yaron yana da tamowa, a kai shi asibitin unguwa ranar Talata. A can za a auna nauyinsa, a buɗe masa kati, a ba uwarsa ƙananan ledoji na sati guda. Mu gyaɗar tamowa muke ce musu. Adda ta sa muka maimaita magana ɗaya har ta zauna mana: wannan magani ne, ba abinci ba, kuma na yaro ɗaya ne.

Na taɓa lasar wata leda da ta fashe. Gyaɗa ce niƙaƙƙiya da madara da sukari. Ban san yadda za a ce wa wannan ba abinci ba. Amma na haddace, kuma na riƙa faɗa.

A cikin gininmu akwai wata mata daga ƙauyen da ke ƙasan namu. Uwarta 'yar danginmu ce, shi ya sa take ce min Kawu. Mijinta ba a san inda yake ba, har yau. Ta sauko daga dutse da ɗanta a baya, da 'ya'yan yayarta mata biyu a hannu, don yayar ta rasu a hanya. Wanke-wanke take yi wa wata mai tuwo a bakin kasuwa, ana sallamarta da ƙanzo da ragowar miya.

Ɗan nata ya kusa shekara biyu amma ba ya tsayuwa. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Ba ya kuka sosai, sai dai kallo. Na zagaya masa ma'auni, ya shige cikin ja ya yi nisa. Ni na raka su asibiti. Aka ba ta ledoji, aka gaya mata maganar da ake gaya wa kowa, ta ce to.

Sati uku sikeli bai motsa ba. A na ukun ma baya ya yi. Adda ta yaga leda ɗaya a gabanmu ta ba yaron, ya cinye tas yana neman ƙari. Ta ce ashe ba ci ne ba ya yi ba, samu ne ba ya yi. Ta ce in je in gano ko sayarwa uwar take yi, ko rabawa. Sannan ta juya ta gaya wa abokiyar aikinta da Fulatanci cewa in aka ci gaba a haka, yaron nan ba zai ga kaka ba. Ta manta ina ji.

Washegari da hantsi na je gefensu. Ban sha wahalar bincike ba, don ba ta ɓoye komai ba. Ta dama kunu tsararo, ta matse leda biyu a ciki, ta juye a ƙwarya ɗaya. Yaran uku suka kewaye ta. Manyan biyu suna da sauri, shi ƙaramin kafin ya kai ludayi biyu ƙwarya ta bushe.

Na ce mata magani ne, ba abinci ba, kuma na yaro ɗaya ne.

Ba ta ɗago ba. Tana goge ƙwaryar da yatsa tana sa wa ƙaramin a baki.

"Kawu, ga su nan," ta ce. "Kai ka nuna min wadda zan ce wa ta juya baya."

Ta ajiye ƙwaryar, ta ƙara da cewa:

"Da yayata ta ba ni su a hanya, ba ta ce in fara ciyar da nawa ba."

A wurinmu ba a ci a ɓoye. Ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ce, in yara uku ne a wurin, a fasa ta uku. Mai ci shi kaɗai a ɗaki ana yi masa kallon maye. Wanda kuma ya kira yaro ciki ya ba shi abin ci inda ba mai gani, shi ya fi muni, don ta haka muka ji ana ba yara maita. Wannan ba a baƙin wuri na ji shi ba. Ina ƙarami uwata ta zane ni da tsumagiya saboda na karɓi dafaffen rogo a hannun wani tsoho a bayan rumbu. Ta sa min yatsa a maƙogwaro sai da na amayar.

Na koma wurin Adda na gaya mata abin da na gani. Na ce a ƙara wa gidan ledoji, tunda baki uku ne. Ta ce 'yan matan sun wuce shekara biyar, ba su cikin tsarin. Ta ce in aka raba wa uku, ba ya warkar da ko ɗaya. Na ce to a kwantar da yaron a babban asibiti. Ta ce ana iya yi, amma sai uwar ta zauna da shi, wa zai je wanke-wanken, wa zai riƙe sauran. Ba mugunta a fuskarta. Ta gaji ne kawai. Ta ce, "Bappa, mutanenka ne. Ka nemo dabara."

Dabarar da na nemo ita ce wannan. Ledojin su zauna a wurina. Uwar ta riƙa ajiye min yaron safe da rana da yamma, ni in ba shi. Haka ba ita ce ta hana 'ya'yan yayarta ba, ni ne. Na gaya mata. Ranar Talata da ta dawo daga asibiti na tarar da ƙullin a bakin ƙofata.

Na yi tunanin ba shi a gindin mangwaro, a idon kowa. Amma yaran ginin sun fi ashirin, kuma duk da yunwa suke kwana. Ba zan iya ba. Sai na shiga da shi ciki na saki buhu.

Na san al'adarmu sarai. Abin da na ɗauka shi ne rigar nan ta canja ni. Na ɗauka in na sa ta, ni asibiti ne, ba wani tsoho ba ne da ke zaune shi kaɗai a ɗakin da ba taga. A asibiti ai ana jan labule, ba wanda ya ce komai.

Ina wanke hannuna, in wanke nasa, in yaga bakin leda, in ɗora shi a cinya. A hankali yake ci. Yana ci yana shan ruwan da na tafasa. Wani lokaci ya yi barci da gyaɗar a baki, sai na taɓa kumatunsa ya farka ya ci gaba. Rabona da riƙe yaro tun gida. Ban so hakan ba da farko. Daga baya na ga ina tashi da wuri ina jiran a kawo shi.

Buhun bai kai ƙasa ba. Ta ƙarƙashinsa nake ganin ƙafafu huɗu a tsaye, kullum, har mu gama. Ba su taɓa roƙo ba. Ni ma ban taɓa ɗaga buhun ba.

A sati na biyu sikeli ya motsa. A na huɗu yaron ya kama bango ya miƙe. Ma'auni ya fita daga ja ya shiga ɗorawa, ya zo ya taɓa kore. Ya fara ƙiriniya, ya fasa min kofi. A taron masu aikin sa kai Adda ta sa na tashi tsaye, ta ce ga wanda bai yi makaranta ba ya yi abin da masu takarda suka kasa. Aka tafa min. Ban san inda zan sa hannuwana ba. Bayan sati biyu a kore aka rufe katinsa, gyaɗa ta tsaya.

Duk wannan lokacin ban lura da ƙaramar 'yan matan ba. Ina ganin ƙafafunta kullum, amma ban dube ta ba. Shekararta kamar shida. Tunda gyaɗa ta bar kununsu, ruwa da ɗan gari suke sha. Babbar tana bin uwar kasuwa tana samun abin lasa. Ita ƙaramar a gida take. Wuyanta ya yi tsawo. Ta daina wasa, ta koma zama a rana.

Mutanen gini sun riga ni gani. Na fara lura masu zuwa tabarmar gindin mangwaro suna raguwa. In na fito da ma'auni, uwaye su janye 'ya'yansu. Wata safiya na tarar an barbaɗa toka da gishiri a bakin ƙofata. Ranar Lahadi a coci na zauna a benci, na dama ya matsa, na hagu ya tashi.

Sai wani dattijo daga cikinmu ya zo. Ya ƙi shiga, muka tsaya a waje. Ya zo min da magana uku. Me nake ba yaron a bayan buhu. Na shiga na kwaso ledojin da aka shanye na zube a gabansa. Ya tambaya yaya aka yi duk gidana ni kaɗai na fita. Wannan tambayar ni ma na sha yi wa kaina ita. Sannan ya ce a gida ɗaya, a wata ɗaya, yaro yana cika, yarinya tana bushewa, kuma duk ta ƙofata abin ya bi.

"Mutane suna cewa naman yarinyar ka ɗebe ka zuba wa yaron," in ji shi.

Na ce ƙarya ne. Na faɗa da ƙarfi. Ya tafi. Na zauna a kan bulo ina juya maganar. Ni ba maye ba ne, wannan na sani. Amma abin da ke shiga bakin yarinyar a da, ni na ɗauke shi na sa a bakin yaron, da hannuna, sau uku a rana. Na nemi inda ƙaryar take a maganar dattijon, na samu rabinta kawai.

Uwar ba ta zarge ni ba. Ba ta kuma kare ni ba. Ta zo da yarinyar ta tsaya a ƙofa, ta ce in kai ta wurin Adda in ce shekararta huɗu. Ta ce ni za a yarda da ni, tunda an tafa min.

Na kai ta. Na ce shekararta huɗu. Adda ta ce yarinyar ta buɗe baki. Haƙoran gaba biyu babu, ta yi famfara, sababbi sun fara leƙowa. Adda ta dube ni.

"Bappa, har da kai?"

Na ce tun da aka rufe katin yaron ba abin da ya shiga gidan. Na tambaye ta ko yunwa tana duba haƙori. Ta ce ba ita ta kafa dokar ba, kuma dokar ba ta banza ba ce: ƙanana su ke fara mutuwa, manya suna jurewa. Ban yi musu ba. Na ga waɗanda suka fara faɗuwa a kan dutse. Ta ba yarinyar maganin tsutsar ciki, ta buɗe jakarta ta ba ta burodin da ta zo da shi don kanta. Kati dai ba ta buɗe ba.

A hanyar dawowa yarinyar ba ta ci burodin ba. Ta riƙe shi a cikin riga har gida, ta miƙa wa uwar, aka raba uku.

Mai ginin yana da ƙanwa, malamar makaranta a Jimeta, tana neman yarinyar da za ta riƙa taya ta aikin gida. Ta ce za ta ciyar da ita, ta sa ta a makaranta. Uwar ta yi kwanaki tana ƙi. Daga baya ta wanke wa yarinyar riga, ta yi mata kitso, ta kai ta da kanta. Ta riƙo hannun yarinyar nan tun daga kan dutse har Jimeta ba ta sake shi ba, a nan ta sake shi.

Da ta dawo ta wuce ta gabana, yaron yana tafe a bayanta da ƙafarsa. Ya gan ni ya nufo ni. Ta kamo shi.

"Ina wuni, Likita," ta ce, ta wuce.

Dattawa sun je wurin mai ginin su ce ya tashe ni. Ya ƙi. Ya ce shi bai san maita ba, gyaɗa ya gani. Amma ba wanda ke zuwa gindin mangwaro kuma, ba uwar da ke miƙo min dantsen ɗanta. Na san akwai yara biyu a ginin da ya kamata a auna, kuma muddin ni ne mai ma'auni ba za a auna su ba. Na gaya wa Adda ta sa wani. Ta ce abin da na yi daidai ne, kada in saurari jahilci. Na ce mata mutanen nan ba jahilai ba ne. Ta ce to me zan kira shi.

Ita ta haɗa ni da wani mai gona a Vinikilang da ke neman mai tsaro. Ta ce can ma ana neman mai zagawa, kuma ba wanda ya san ni. Na ɗaure kayana na haye gada.

Na sha zama in jera abin. Da na bar su suna rabawa, yaron zai mutu, haka Adda ta ce kuma na yarda. Da ya mutu za a rufe katin, gyaɗar ta tsaya duk da haka. Wannan lissafin yana ba ni gaskiya. Amma da ya mutu, a hannun uwarsa zai mutu, bayan ta raba daidai, ba ta ci amanar kowa ba. Yanzu yana raye, ita kuma ta ba da 'yar yayarta. Ban san wanne za ta zaɓa ba da an tambaye ta. Ni ban tambaye ta ba. Gaya mata na yi.

Da hanya ta buɗe na ji uwar ta koma gida da yaron da babbar. An ce yaron ya girma, yana kiwon awaki. Ƙaramar tana Jimeta. Na gan ta sau ɗaya a kasuwa, ta yi tsawo, da kayan makaranta, tana riƙe da kwandon cefane a bayan malamar. Lafiyarta lau. Na gaishe ta da yarenmu. Ta dube ni ta amsa da Hausa, irin amsar da ake yi wa baƙo.

Har yanzu ina aikin. Ƙungiyar farko ta tafi, wata ta zo, an canja rigar, littafin hotunan ma an canja. Maganar ba a canja ta ba, kuma ina faɗarta. In na shiga gida na tarar ana rabawa, nakan faɗa sau ɗaya, sannan in tambayi yara nawa ne a gidan, in dube su duka, har waɗanda ma'auni bai shafa ba. In kaka ta yi nakan kai wa irin gidajen nan ɗan abin da na noma, in ajiye a tsakar gida a gaban kowa. Ba ya isa. Ban sani ba ko yana cikin aikin, ban tambaya ba. Ɗan kowa dai ba ya shiga ɗakina.

Mutanenmu da yawa sun koma. An aiko min cewa gonata tana nan, wani ɗan'uwa yana nomawa. Ban je ba. Ina Vinikilang, a ɗaki ɗaya bayan gidan mai gonar. Da damina masara, da rani alayyafo da albasa a bakin kogi. Litinin da Alhamis nake zagawa gidaje, Talata in raka masu zuwa asibiti.